Shekarar da Na Kulle Ƙasa a Roba

Bana ma ruwa ya yi mana halin nasa. Ya sauka da wuri, mutane suka yi shuka, sai ya ɗauke ƙafa. Masarar da masu gadi suka shuka a bayan ofishina tun da hantsi take naɗe ganye. Ɗazu ɗalibaina suna ɗakin gwaji suna narka kyandir suna liƙe bakin robobin ƙasa, warin ya biyo baranda ya same ni a zaune. Da na leƙa su, na tarar wata ta rubuta sunan mai gona ɓaro-ɓaro a kan murfi. Na ce ta goge ta sa lamba. Ta tambaye ni dalili, na ce ta dai goge tukuna. Amsar tana da tsawo, don sai na koma wata damina sama da shekara ashirin baya, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Lafiya ba.

A lokacin ina ƙaramar malama a wata kwaleji a nan garin, ina koyar da fiziks, ina zaune da mahaifiyata, Inna, tun bayan rasuwar babanmu. Sai ga wani Dakta Gimba ya dawo daga ƙasar waje da sanƙo, da tari, da kwamfuta guda ɗaya. Ya tattara mu 'yan kaɗan daga makarantun jihar, ya ce zai horar da mu shekara guda a kan sababbin hanyoyin bincike na kimiyyar nukiliya, wanda ya kai ƙarshe kuma za a tura shi ƙaro karatu. Ni kaɗai ce mace a cikinsu, kuma ba na jin akwai wanda ya kai ni son abin. Na gaji da zana wa ɗalibai hoton na'urar da ni kaina ban taɓa gani ba.

Inna ta daɗe tana zaton bom muke haɗawa. Aikin bai kai nan ba. Duk ƙasar da muke takawa tana fitar da wani irin haske da ido ba ya gani, kaɗan-kaɗan, tun ran da Allah ya halicce ta. Namu shi ne mu san yawansa a wuri kaza, a gane ko ya kai ya cutar da mai noma da mai ci. Dakta ya ce horon ƙafa biyu gare shi, lissafi da awo. Za mu sa kwamfuta ta lissafa abin da na'ura ya kamata ta gani, sannan mu kai ƙasar gaske gaban na'urar mu ga ko lissafin ya faɗi gaskiya. Wanda ya zo da ƙafa ɗaya, in ji shi, ya koma aji ya ci gaba da cin alli.

Lissafin a wani ɗan ɗaki mai rufin kwano muke yin sa, ba silin. Dakta ya kwatanta mana shi da mutumin da ya rufe ido yana watsa gero wajen ƙwarya, sau dubu bisa dubu, sannan ya ƙirga wanda ya faɗa ciki. Kwamfutar ke watsawa, ita ke ƙirgawa, sai dai a hankali take yi kamar tsohuwa mai tsince shinkafa. Ta kan wuni tana abu ɗaya, tana dab da gamawa a ɗauke wuta, komai ya goge. Ɗan janaretan da muke da shi ba ya ɗaukar fanka da kwamfuta tare, don haka fanka ce ke haƙura. Ni da wani abokin karatuna, Luka, mu kan yi karɓa-karɓa muna yi wa kwamfutar fifita da kwali, mu kuwa gumi na bin bayanmu har cikin takalmi.

Na'urar awon kuwa ba a Lafiya take ba. Tana wata cibiya a Zariya, kuma mako ɗaya tak aka ba mu a duk shekarar. Ga kuma sharaɗin ƙasar kanta. Akwai wata iska da ke fita daga cikinta, ana ce mata radon. Sai an kulle ƙasar a roba, an liƙe ta ruf, ta yi wata guda iskar na taruwa a ciki, sannan awo zai yi daidai. In aka buɗe ko da na ƙiftawar ido ne, iskar ta tsere, sai a sake sabon wata. Mu kuwa ba mu da sabon wata, don tsakaninmu da ranar tafiya wata ɗaya ne da 'yan kwanaki.

Ni ban sha wahalar neman gona ba. Ƙanen Inna, Kawu Audu, yana noma a wani ƙauye bayan Kwandere. Na hau acaɓa na je ran da ake yi masa gayyar noman fari. Ruwa ya sauka kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi tana ƙamshi, masara ta kai gwiwa, doya ta fara kama sanda. Maza sun jeru da garma suna tafiya tare, mata suna gindin mangwaro da kunu da dafaffen rogo. Kawu ya yi ta nuna ni yana cewa 'yar yayarsa ce, za ta kai ƙasarsa Zariya a duba lafiyarta. Aka yi ta dariya, wani ya ce in an gama a duba masa gwiwarsa.

Dakta ya ce mu samo ƙasa iri biyu in da hali. Ta Kawu jigawa ce, sai na hangi wata baƙar ƙasa a gangare kusa da rafi. Ta Baba Terna ce, wani dogon dattijo Tibi mai giɓi, wanda ya zo daga wajen Binuwai shekaru da yawa. Gonar ba tasa ba ce. Aronta aka ba shi, duk kaka yana kai wa mai ƙasar doya. Ranar ma yana cikin gayyar Kawu, garmarsa ta fi ta kowa faɗi. Na durƙusa na gaishe shi na faɗi buƙatata. Hausarsa irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa.

"Ɗiba mana, ɗiyana. Ƙasa ne, ba ya ƙarewa," in ji shi. "Amma in ka gama ka dawo mini da kayana."

Na ce na yi alkawari, muka yi dariya. Shi da kansa ya haƙa mini, ya ɗaure bakin buhun.

A gida na shanya ƙasar a inuwa, ina faɗa da kaji. Da ta bushe na daka ta a turmin Inna, na tankaɗe da rariyarta, abin da ya sa ta yi kwana biyu tana cewa tuwo na ƙasa-ƙasa. Na auna na zuba a robobi masu murfi, na shafe bakin da basilin, na narka kyandir na bi, na naɗe da salatef. Dakta ya ce kowa ya yi wa robobinsa alama kada su cakuɗe. Su Luka lamba suka sa. Ni na ga lamba na iya ruɗa ni, sai na ɗauki jan alƙalamin maka, don shi ne a hannuna, na rubuta AUDU a kan wasu, TERNA a kan wasu. Na nemi wuri mai sanyi da ba mai taɓawa, na tura su ƙarƙashin gadona.

A makon nan ruwa ya ɗauke.

Da farko ba wanda ya damu, don ya saba ɗan hutawa. Sai kwanaki suka fara ja. Da safe sama fes, kafin azahar garin ya zama kamar bakin murhu, kwalta na kama takalmi. Da la'asar hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso mai sanyi, mata su fito da bokitai su jera ƙarƙashin indararo. Sai a ga hadarin ya tsage biyu ya wuce. Washegari a ji an ɗan samu a Shabu, ko an yi yayyafi a Arikya, amma ɓangaren su Kawu ko ɗigo. Rijiyar gidanmu ta koma sai an jira ta taru, gugan na fitowa da laka. Zafin ya sa ƙuraje suka feso wa kowa a wuya.

Ga shi lokacin ne rumbu ke kaiwa ƙasa. Tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta zo ba, masarar da ake sa ran gasawa a kashe yunwa ita ce ke tsaye tana ƙonewa. Mangwaro ma ya wuce. A gidanmu Inna ta koma tuwon garin rogo da miyar kuka ba nama, da rana kuma kwaɗon zogale ko garin kwaki da ƙuli. 'Yan uwa daga ƙauye suka fara zuwa gaisuwa da tsakar rana, irin gaisuwar da ba a tashi sai an ci wani abu. Inna ba ta taɓa nuna ta gane ba. Ta kan ƙara ruwa a miya ne kawai, ta ce ita ta ƙoshi.

Cikin masu zuwan har da Goggo Lami, matar Kawu. Ta zo kasuwa rana ta yi mata yawa, Inna ta ce ta shiga ɗakina ta ɗan miƙe. Da za ta tashi ta sunkuya neman takalminta, ta ga abin da ke ƙarƙashin gado. Ta fice, ko sallamar kirki ba ta yi ba. Ni ina can ina yi wa kwamfuta fifita.

Ba a jima ba sai ga Kawu da kansa, da tsakar rana, rigarsa jiƙe da gumi. Inna ta kawo ruwa ya ce a ajiye. Nan na san ba lafiya ba, don Kawu ba ya ƙin ruwa. Ya ce magana ta cika ƙauye. An ce na ɗebi ƙasar gonar mutane, na daka ta a turmi, na rubuta sunan masu ita da jan abu, na toshe da kyandir, na sa ƙarƙashin gado ina kwana a kai. Ya ce in gaya masa tsakanina da Allah, wanda zai ɗaure gonar wani ya hana ta albarka, me yake yi da ya wuce wannan? Ni ma a nan aka haife ni, na san amsar. Ko ɗaya ban tsallake ba.

Kawu ya ce shi bai yarda ba, ya san ni tun ina tsumma. Amma mutane sun lissafa, sun ga tun makon da na ɗebi ƙasar sama ta rufe. Abin da suke so kaɗan ne, a buɗe robobin a mayar da ƙasar inda aka ɗebo ta. Na ce in aka buɗe, shekarata ta tafi, gurbina kuma za a ba wani. Inna ta dube ni ta dubi ƙanenta, ta ce, "To ke Zulai, ba za ki buɗe kaɗan ki rufe ba?" Na ce ba a buɗewa kaɗan.

Da na gaya wa Dakta, sai da ya cire tabarau ya goge. Ya ce wannan rashin bayani ne kawai, shi zai je ya yi musu. Luka, wanda ya tashi a ƙauye, ya ce, "Sa, da ka bari." Dakta bai bari ba. Muka je ranar wata Asabar da hantsi, muka tarar da dattawa a gindin mangwaron nan da aka sha kunun gayya. Daga inda muke zaune ana hango masarar Kawu, ganyen ƙasa sun bushe suna ƙara in iska ta taɓa su. Baba Terna yana gefe a kan wani kututture, ya ɗora haɓa a kan sanda.

Dakta ya yi bayani mai kyau, irin wanda za a ba shi maki a jami'a. Ya ce a cikin kowace ƙasa akwai wani ƙarfi da ba a gani, ba a jin warinsa, yana fita a hankali. Ya ce mu muna tsare shi ne a roba har ya taru, don mu auna shi. Yana magana ina kallon fuskokin mutane. Da ya gama, mai unguwa ya gyara zama.

"Wato dai akwai abu a cikin ƙasar."

"Akwai, ranka ya daɗe."

"Ba a ganinsa."

"Ba a ganinsa."

"Kuma kun toshe ne don kada ya fita."

"Haka ne," in ji Dakta, har da murmushi, yana jin an fahimce shi.

Luka ya sunkuyar da kai yana wasa da tsinke. Wani daga baya ya ce to ai malamin ma ya faɗa da bakinsa. Ni dai na san an gama da ni, ina ta ƙoƙarin kada in yi kuka a gaban maza.

Baba Terna ne ya ɗaga kai. Ya ce shi bai san boko ba, amma a ganinsa abin da ya ɓata wa mutane rai shi ne ƙasa ta kwana a gidan wani. To a dawo da ita ta kwana gida. Kowa a ba shi tasa a rufe yadda take, ya ajiye a ɗakinsa. In ya so ya buɗe, ƙasarsa ce, in ya so ya jira ranar tafiyar yarinya, ruwansa. Aka yi ta muhawara, daga ƙarshe mai unguwa ya ce hakan ya yi. A hanyar dawowa sai da muka shigo gari sannan Dakta ya ce ko na gona ɗaya ne suka tsira da liƙinsu zai tafi da ni. In duka aka buɗe, ba shi da abin da zai ce wa mutanen Zariya.

Washegari na sa robobin a kwali, na rungume su a kan acaɓa kamar mai kai jinjiri asibiti. Na miƙa wa Kawu nasa, na miƙa wa Baba Terna nasa. Na yi ta nanata musu kada a sa a rana, kada a jijjiga, kada yara su taɓa. Goggo Lami tana tsaye a bakin ɗaki ba ta ko dube ni ba.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. Ina aji ina rubutu a allo, rabin hankalina na taga. Abinci ya daina shiga, wanda dama ba yawa ne da shi ba. Kullum sai in ga kamar yanzu wani ya sa farce a bakin salatef. Wata rana wuta ta yi mana mutunci ta wuni, kwamfuta ta kai ƙarshen lissafina, ta fito da lambobi a jere. Su Luka suka yi ta taya ni murna. Ni na zauna ina kallonsu, ƙafa ɗaya ce, ɗayar tana can ƙauye a hannun mutanen da masararsu ke mutuwa.

Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya da yara, limamin ya juya mayafinsa, mutane suka juya riguna. A coci-coci ma an sa azumi. Ni ma na yi roƙo, kuma Allah ya sani rabin roƙona don masarar mutane ne, rabi don robobina. Da yamma hadari ya haɗu har da cida, Inna ta fitar da bokitai. Aka yi ɗan yayyafin da bai kwantar da ƙura ba, warin ƙasa ya tashi ya tsokane mu, shi ke nan. Inna ta kwashe bokitanta.

Na je ƙauyen sau biyu da sunan gaisuwa. A zuwan farko na ji an yi gayya a gonar wani ba a gaya wa Kawu ba, a masallaci ma sahun da yake tsayawa ya fara yin faɗi. A zuwa na biyu na tarar da Baba Terna a gona yana tuge masarar da ta mutu yana tarawa don awaki. Matarsa ta amsa gaisuwata da ƙyar. Wata maƙwabciya ce ta ja ni gefe ta ce mai ƙasar ya aiko sau biyu, yana tambaya ko har yanzu baƙon nasa bai buɗe abin nan ba. Na so in tambayi Baba, na kasa. Shi ma bai ɗauko zancen ba, sai labarin wani ɓera da ya addabi rumbunsa ya yi ta ba ni.

Ranar tafiya motar za ta tashi da azahar. Da sassafe na hau acaɓa, sama fes, ko gizagizai babu. Gidan Kawu na fara shiga. Yana zaune a kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya, muka gaisa bai ɗago ba. Ya kira Goggo, ta fito da robobin a cikin tire. An wanke su tas, an jera. Ɗaya ma har an zuba gishiri a ciki, ga sunansa a murfin bai gama gogewa ba.

"Ranar Juma'a na mayar da ita gona," in ji Kawu. "Ina da 'ya'ya a garin nan, Zulai. Ke tafiya za ki yi."

Na ce ba komai, Kawu. Ban ji haushinsa ba, har yau ban ji ba. Tun Juma'a ya buɗe, ruwan kuma bai zo ba. Sai na lissafa cewa yanzu duk idon ƙauyen ya koma kan mutum ɗaya, wanda ko gonar da yake nomawa ba tasa ba ce. In kawuna na jini bai iya ba, ina dalilin da baƙo zai iya? Na gangara wajen rafi ina shirya yadda zan ce masa na gode duk da haka.

Na same shi a ƙofar rumbun doyarsa, wanda ba komai a ciki sai 'yan iri da suka yanƙwane. Ya ce, "Ka zo?" Ya sunkuya ya shiga, ya jawo wata tsohuwar tukunyar ƙasa da aka rufe da buhu aka ɗora dutse. Ya ɗauke dutsen. Robobin suna ciki a jere, ya sa busasshiyar ciyawa tsakaninsu don kada su bugi juna. Na ɗauki ɗaya na juya, na bi bakin da yatsa. Kyandir ɗin yana nan yadda na bar shi, har da tabon da na ƙone yatsana.

Na ce, "Baba, ba su matsa maka ba?"

"Sun matsa."

"To me ya sa ba ka buɗe ba?"

Ya nuna gangaren da haɓa, inda karan masara ke tsaye ja wur. "Nawa ya riga ya mutu. In na buɗe ba zai tashi ba. Wannan kuma gonanka ne, wata ɗaya kana nomansa. Gona ɗaya ya mutu ya isa."

Nan kukan da na riƙe a gindin mangwaro ya ƙwace mini. Ya ce in bari, in yi sauri kada mota ta bar ni, ya kuma tuna mini in dawo masa da kayansa. Matarsa tana daka a tsakar gida, ba ta tsaya ba.

Mun wuce Akwanga kaɗan ruwa ya tare mu, irin wanda direba ke neman gefen hanya. Daga baya na ji a ranar ya sauka a ƙauyen ma, kamar da bakin ƙwarya. Wasu suka ce don Kawu ya buɗe ne, ruwan ya ɗan makara a hanya. Wasu suka ce da Baba Terna ya buɗe tun farko, da ya zo masara na da rai. Wannan ta biyun ita ta fi zama a bakin mutane.

A Zariya na ga na'urar da na yi shekaru ina zanawa. Ɗakin sanyi ƙalau har sai da na nemi mayafi. Aka sa robar farko a cikin wani akwatin dalma mai nauyi aka rufe, muka zuba wa allon kwamfuta ido, layi na tashi a hankali yana yin tudu a wuraren da lissafina ya ce zai yi. Bai zo daidai cif ba, amma ya matso sosai. Dakta ya yi tari ya ce ba laifi, wanda a wurinsa babban yabo ne. Ƙasar Baba Terna lafiyarta lau, ba abin da zai cutar da mai noma ko mai ci. Da wannan awon na gama horon, da shi aka tura ni karatu, da shi nake zaune a ofishin nan.

Mun bar robobin a can mutanen cibiyar na maimaita awo, sai da kaka suka dawo hannuna. Na sa su a jaka na nufi ƙauyen, ina ta shirya yadda zan gaya masa sakamakon da Hausar da zai ji daɗi. Gari ya canza, dawa ta yi kai, waɗanda suka sake shuka bayan ruwan sun ɗan samu. Da na gangara wajen rafi sai na ga a-kori-kura a ƙofar gidansa, an ɗora gado da turmi da tukwane, an ɗaure awaki a baya. Mai ƙasar ya ce 'ya'yansa sun girma, yana buƙatar gonarsa. Ba wanda ya ambaci roba, kuma ba wanda bai sani ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce an auna, an ce ƙasar tana da kyau. Ya ce ai ya sani, shi ya noma ta. Na ce Baba, ni na ja maka. Ya ce in daina wannan magana, ƙasa na da yawa a duniya, wajen Awe wani ɗan uwansa ya samo masa wata. Sannan ya ga jakar a hannuna ya tambayi mene ne. Na buɗe na nuna masa, na ce alkawari na kawo, ko in gangara in zuba a gonar?

Ya karɓi roba ɗaya ya juya ta, ya kai ta kusa da ido. Bai iya karatu ba, amma ya san jan rubutun nan sunansa ne.

"A'a, kar ka zuba. Kawo duka," in ji shi, yana dariya da giɓinsa. "Shekara da shekaru ina noman wurin nan. Wannan ne kawai aka rubuta sunana a kai."

Ya hau bayan motar da kansa, ya nemi wuri tsakanin tukunya da naɗaɗɗiyar tabarma, ya jera su, ya tura tsumma a gefe don kada su faɗi a hanya.